Tayin Da Babu Biya: Daga Karar Sara Zuwa Gwanjon Bindiga A Intanet

A karar dabbobi ta kasuwar Sara, cikin ƙaramar hukumar Gwaram a kudancin Jigawa, ba a taya sa da wasa. Mai saye zai zagaya dabba, ya duba haƙori, ya dafa tozo, sannan ya faɗi abin da ya saya. Dillali ya ce albarka. A ƙara, a ja, a sake ƙarawa, har mai dabba ya sallama. Da zarar an sallama magana ta ƙare, saura ƙirga kuɗi da cire la'ada. Babu takarda, babu sa hannu, amma da wuya ka ga wanda ya taya aka sallama masa sannan ya zille. Dalilin a fili yake: dillali ya san garinsu, ya san wanda ya kawo shi, ga sarkin kasuwa da shugabannin dillalai a kusa, kuma mako mai zuwa kasuwa za ta sake ci. Wanda ya saba tayi yana gudu, ba a daɗe ba zai tarar babu mai kula tayinsa.

Sara tana cikin manyan kasuwannin mako-mako na Jigawa, sahun su Maigatari da Gujungu da Shuwarin. Fatake daga Kano da Bauchi da wasu wurare masu nisa suna zuwa ɗaukar hatsi da riɗi da dabbobi. Sai dai yanzu wani kaso na cinikin a waya yake farawa. A ɗauki hoton rago ko buhunan riɗi a tura ta WhatsApp, a yi tayi da saƙon murya, a ce a loda mota kuɗi na tafe. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, lokacin da Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin naira, har ɗan ƙauyen da bai taɓa yarda da tiransifa ba ya koyi jiran alat. A wannan lokacin ne kuma da yawa suka fara sanin cewa akwai alat na bogi.

Tambayar ita ce, me ke faruwa da tayi idan mai tayin ba shi da fuska, ba shi da gari, kuma ba zai dawo mako mai zuwa ba? Inda aka fi ganin amsar ƙarara shi ne wata kasuwa da babu irinta a ƙasar nan: gwanjon bindigogi ta intanet a Amurka.

Bindigar dala miliyan 65

A watan Fabrairun 2012 wani mutum mai suna George Zimmerman ya harbe wani matashi baƙar fata ɗan shekara 17, Trayvon Martin, a garin Sanford na jihar Florida. Yaron ba ya ɗauke da makami. A 2013 kotu ta wanke Zimmerman, hukuncin da ya tayar da zanga-zanga a biranen ƙasar. Daga baya aka mayar masa da bindigarsa, kuma a watan Mayun 2016 ya sa ta a gwanjo a shafin GunBroker, da farashin farawa na dala 5,000. Shafin ya cire tallar. Ya koma wani shafin mai suna United Gun Group.

Can ne abin ya zama wasan yara. Mutanen da suka fusata da cinikin suka buɗe asusu da sunayen ƙarya, wasu sunayen ma na zagi ne, suka dinga tayi. Cikin ɗan lokaci farashi ya haura dala miliyan 65. Babu ko ɗaya daga cikinsu da ya yi niyyar biyan sisi. Dole aka rushe gwanjon aka sake shi, aka tsaurara tantance masu tayi, kuma rahotanni sun ce a ƙarshe an sayar da ita dala 250,000.

Mutum zai iya jin cewa masu tayin ƙaryar nan sun yi daidai, domin neman riba da makamin da aka kashe ɗan wani da shi abin ƙyama ne ko a wace al'ada. Ni ma ban ga abin tausaya wa mai bindigar ba. Amma abin da suka nuna ya wuce shi: duk mai waya da adireshin imel zai iya wargaza gwanjo daga ɗakinsa, kuma ba abin da zai same shi.

Yadda kasuwar take tafiya

An kafa GunBroker a 1999, shekarar da shafin eBay ya hana sayar da bindiga. A 2021 kamfanin Ammo ya saye shi a kan dala miliyan 240. Shafin ba shi da bindiga ko ɗaya. Haɗa mai saye da mai sayarwa kawai yake, ya karɓi la'adarsa a hannun mai sayarwa idan gwanjo ya rufe. Wato dillali ne, sai dai dillalin da bai taɓa ganin kayan ba, bai kuma taɓa ganin mutanen ba.

Ba a aika wa mai saye bindiga gida. Tarihin wannan doka ya koma ga 1963, lokacin da Lee Harvey Oswald ya yi odar bindiga ta gidan waya da sunan ƙarya daga wani kanti a Chicago, a kan kimanin dala 20, ya kashe Shugaba John Kennedy da ita a Dallas. Dokar 1968 ta toshe wannan hanya. Yau idan ciniki ya ƙetare jiha, sai a aika makamin wurin dillalin makamai mai lasisin gwamnatin tarayya da ke kusa da mai saye. Can zai je da kansa, ya cike fom, a bincika sunansa a rumbun bayanan hukumar FBI, sannan a miƙa masa. A kan makamin, ke nan, akwai tsaro. A kan kuɗin ne babu.

Kamfanin tura kuɗi na PayPal ba ya yarda a biya kuɗin bindiga ta hanyarsa, kuma Facebook ya hana ɗaiɗaikun mutane tallar makamai tun Janairun 2016. Saboda haka cinikin da yawa ya dogara da hanyoyin biya da ba a iya dawo da kuɗi idan sun tafi: takardar kuɗi ta gidan waya, tura kuɗi kai tsaye daga asusu zuwa asusu, wani lokaci har kuɗin kirifto. Mai saye ne ke fara biya, sannan ya zauna jiran kaya. Ɗan damfara ba ya neman abin da ya fi wannan.

Salon damfarar kala-kala ne. Wani zai kwashi hotunan bindigar da wani ya taɓa sayarwa ya sa su a matsayin tasa, da farashi mai rahusa. Wani zai sace asusun tsohon ɗan kasuwa da ya tara yabon abokan ciniki na shekaru, ya yi talla da sunansa. Wani kuma mai saye zai zama: ya aiko da cek na bogi da ya zarce kuɗin kaya, ya ce kuskure ne, a mayar masa da rarar, kafin banki ya gano cek ɗin ba shi da tushe, rarar ta tafi. Wadda ta fi wayo ita ce wadda ke cin gajiyar masu tayi su gudu. Tunda kowa ya san ana cin gwanjo a ƙi biya, sai ɗan damfara ya aika wa wanda ya zo na biyu saƙo da sunan mai kaya, cewa na farko ya zille, idan har yanzu kana so ka turo kuɗi yau. Mutumin da ke cizon yatsa kan kayan da suka kuɓuce masa ba ya tsayawa dogon bincike.

A 2017 ofishin binciken ayyukan gwamnati na Majalisar Dokokin Amurka, GAO, ya fitar da sakamakon wani gwaji. Jami'ansa sun yi shigar mutanen da doka ta haramta wa mallakar makami, suka nemi saye a dandalin talla da shafukan intanet na fili har sau 72. Ko bindiga ɗaya ba su samu ba. Masu sayarwa 56 sun ƙi, sau 5 an rufe musu asusu, sauran 11 kuwa alamu suka nuna 'yan damfara ne, har sau biyu jami'an suka biya kuɗi kaya ba su zo ba. Abin lura a nan: a cikin waɗanda suka nuna shirye suke su sayar wa wanda bai cancanta ba, abin da aka tarar damfara ce.

Shi kuwa mai sayarwa na gaskiya, mai tayi ya gudu ne ciwon kansa. Kaya sun zauna mako ɗaya ko biyu a gwanjo, masu saye na gaske sun janye saboda farashi ya yi sama, an cire masa la'ada, sannan wanda ya ci ya daina amsa saƙo. Sai ya shigar da ƙorafi a mayar masa da la'adar, ya sake sa kayan daga farko. Iyakar hukuncin mai laifin a rufe masa asusu, ya buɗe wani.

Mu ma mun ɗanɗana

Kada mai karatu ya ce wannan labarin Turawa ne. A watan Yulin 2017 Hukumar Kwastam ta Najeriya, ƙarƙashin Kanar Hameed Ali mai ritaya, ta buɗe gwanjon kayan da ta kama ta intanet, don kawo ƙarshen rabon motoci ga 'yan lele da takardar alfarma. Sharuɗɗan ba su da yawa: lambar biyan haraji, kuɗin shiga naira 1,000 da ba a mayarwa, da biya cikin kwanakin da aka ƙayyade. A farkon farawa ta bankin Jaiz kaɗai ake iya zuba kuɗin shigar, har shugaban hukumar ya zargi sauran bankuna da jan ƙafa.

Ba a je ko'ina ba 'yan dabara suka gano ƙofa. Tsarin ya ce idan wanda ya fi kowa tayi bai biya ba, kaya na wanda ke bi masa ne. Sai mutum biyu su haɗa baki. Na farko ya taya mota da ɗan kuɗi kaɗan. Nan take na biyu ya ɗora tayin da babu mahaukacin da zai bi shi. Kowa ya watse. Wa'adi ya cika, na biyu ya ƙi biya, mota ta faɗa hannun na farko a araha. Da hukumar ta farga, sai ta soke ba wa na biyu, ta toshe lambobin harajin masu wannan wasa, kayan da ba a biya ba kuma su koma gwanjo. A Janairun 2024, zamanin Bashir Adewale Adeniyi, aka sake buɗe gwanjon da sabon shafi.

Hukumar EFCC ma ta sha irin wannan a Janairun 2025, da ta sa motoci 891 da kotu ta ƙwace a gwanjon intanet ta hannun 'yan gwanjo masu lasisi. Mutane suka dinga yaɗa hotunan tayin ɗaruruwan miliyoyi har biliyoyin naira a kan motocin da aka riga aka hau. Wasu suka ce an rufe musu shafi ana tsakiyar tayi. Hukumar ta amsa cewa an samu matsaloli, ta ce za ta duba ƙorafe-ƙorafen.

A ganina cutar ɗaya ce daga Florida har Abuja: tayi ya yi arha. Idan naira 1,000 ce kawai abin da mutum zai rasa don ya taya motar miliyan goma da biliyan ɗaya, to me zai hana shi?

A gefen wannan kuma ga tsohuwar sana'ar nan da ta fi cin talaka. Shafukan Facebook masu ɗauke da hoton jami'i cikin kaki, da jerin motoci da babura da buhunan shinkafa, wai gwanjon Kwastam ne, a tura kuɗin fom, sannan kuɗin fito, sannan kuɗin direban da zai kawo kaya. Kullum akwai sauran kuɗi ɗaya kafin kaya su iso. Hukumar ta sha nanata cewa ba ta gwanjo a shafukan sada zumunta, kuma ba ta karɓar kuɗi ta asusun wani mutum. Duk da haka ana ci gaba da turawa, domin wanda ya sayar da riɗinsa da kaka, kuɗi na zaune a waya, aka nuna masa babur a rabin farashi, sai ya manta da cewa ba a cinikin biri a sama.

Abin da malamai suka riga suka faɗa

Gwanjo ba baƙo ba ne a Musulunci. An ruwaito daga Anas ɗan Malik cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa shimfiɗa da ƙwaryar wani mabuƙaci a kasuwa, wani ya taya dirhami ɗaya, ya nemi mai ƙari, wani ya ba da biyu aka sallama masa. Abin da aka hana shi ne najashi, wato mutum ya ƙara farashi ba don yana son kaya ba, sai don ya ruɗi wani. Hanin ya zo a Muwaɗɗa da Bukhari da Muslim. A mazhabar Malikiyya da ake bi a ƙasar Hausa, idan mai kaya na da masaniyar wannan zugi, wanda aka ruɗa yana da zaɓin mayar da kayan. Malaman mazhabar kuma sun tafi a kan cewa tayi a gwanjo yana hawa kan mai shi. Ba magana ce da ake furtawa a janye yadda aka ga dama ba.

Kan kafin alƙalami an yi saɓani tun da. Malikawa ba su yarda mai kaya ya cinye shi idan ciniki ya warware ba, Hambalawa sun yarda. A 1993 Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na ƙasar Brunei, ta halatta a nemi masu shiga gwanjo su ajiye kuɗin jingina, da sharaɗin a mayar wa duk wanda bai ci ba, a kuma lissafa na wanda ya ci a cikin farashi. Wannan shi ne maganin da manyan gidajen gwanjo na duniya suke amfani da shi, kuma shi ne abin da ya kamata hukumominmu su riƙe da ƙarfi: jingina ta yi daidai da darajar kaya.

To, ita bindigar fa?

Nan ne bambancinmu da Amurka yake, kuma nan ne haɗarin ya fi girma. A Najeriya babu wani halastaccen gwanjon bindiga, a intanet ko a fili. Dokar makamai ta 1959, wadda har yau ita ake aiki da ita, ta kasa bindigogi gida uku. Akwai haramtattu irin na yaƙi, waɗanda sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Akwai irin su bindigar harbin tsuntsu mai baki ɗaya ko biyu, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Sai adaka, irin ta mafarauta da ake ɗura wa albarushi ta baki, wadda al'amarinta ke hannun kwamishinan 'yan sandan jiha. Sayar da makami sai dillalin da aka yi wa rajista. A watan Agustan 2023 muƙaddashin Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya ce an dakatar da bayar da sabon lasisi. Ko a Yunin 2022, da gwamnatin Bello Matawalle ta ce mutanen Zamfara su nemi lasisi su kare kansu, Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan hurumin.

Makaman da ake kamawa kuwa ba sa shiga gwanjo. A 2017 kaɗai Kwastam ta kama bindigogi 2,671 a Legas a kamu huɗu. A Yulin 2024 ta nuna wasu 844 da harsasai 112,500 da aka shigo da su daga Turkiyya ta tashar jiragen ruwa ta Onne a jihar Ribas. Waɗannan na Onne an miƙa su ne ga Cibiyar Taƙaita Yaɗuwar Ƙananan Makamai ta Ƙasa, wadda aka kafa a 2021 ƙarƙashin ofishin mai ba Shugaban Ƙasa shawara kan tsaro, kuma cibiyar ta sha lalata dubban makamai a bainar jama'a a Abuja. Saboda haka duk wanda ya ce maka yana da bindigar gwanjon Kwastam, ƙarya yake tun daga kalmar farko.

Ba a rasa dalilin da zai sa mutumin yankin nan ya yi sha'awar makami ba. Jigawa na cikin jihohin Arewa da suka fi zaman lafiya, amma Gwaram na kan iyaka da Bauchi da dazuzzukanta. A Afrilun 2014 'yan bindiga sun afka wa ofishin 'yan sanda na Gwaram suka kashe jami'ai, kuma a Yulin shekarar sojoji suka tono makamai a dajin Balmo da ya ratsa Bauchi zuwa Jigawa. Ga labaran satar shanu da garkuwa da mutane da ke zuwa kullum daga Zamfara da Katsina. Bafataken da ke kwana a hanya da kuɗin mutane, ko mai garken da ke bakin daji, tsoronsa na gaskiya ne, kuma ba a kyauta masa ba idan aka yi kamar ba a gani ba. Wannan tsoron ne jarin mai tallar makami a waya.

Amma a duba matsayin wanda ya tura kuɗin. Ba'amurken da aka damfara a cinikin bindiga zai iya zuwa wurin 'yan sanda da rasidinsa, domin abin da ya nema halas ne a dokar ƙasarsa. Namu fa? Zai je caji ofis ya ce ya biya kuɗin bindiga ba a kawo masa ba? Ɗan damfarar ya san ba zai je ba, shi ya sa wannan ta fi damfarar mota da shinkafa daɗi a wurinsa, har yakan dawo ya nemi ƙarin kuɗi da barazanar tona asiri. Idan kuma aka yi rashin sa'a mai tallar da gaske yake, to an shiga abin da ya fi asarar kuɗi: lambar waya na haɗe da lambar ɗan ƙasa, asusun banki na haɗe da BVN, kuma ranar da aka kama dillalin, wayarsa ce za ta lissafa abokan cinikinsa. Mallakar haramtacciyar bindiga na jawo ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba. Shi ma ɗan damfarar, dokar zamba cikin aminci ta 2006 ta tanadar masa shekara 7 zuwa 20, sai dai ba a kama wanda ba a kai ƙararsa ba.

Ga 'yan kasuwar Sara da Birnin Kudu da Gwaram da ke ciniki ta waya, kada a loda mota saboda saƙon alat ko hoton rasidi, sai an buɗe asusu an ga kuɗin da ido, kuma baƙon da ya yi tayi daga nesa ya kawo wanda ya tsaya masa a cikin kasuwa. Wanda aka cuta da sunan gwanjon mota ko shinkafa ya kira bankinsa a ranar, kafin a kwashe kuɗin zuwa wani asusu, sannan ya kai ƙara. Jin kunya ba ya dawo da ko kwabo. Wanda kuma ya ci karo da tallar bindiga a Facebook ko WhatsApp, kada ya tambayi farashi ko da wasa. Ya ɗauki hoton tallar da lambar wayar, ya kai ofishin 'yan sanda mafi kusa ko ofishin EFCC da ke Kano.